Gaskiya ko Jita-jita: Me Ke Tsinke Bidiyon Kai-tsaye a Furfuri?

Yanzu da wuya a yi taro a Gusau, Tsafe ko Bungudu ba ka ga matashi ya kafa waya a kan sanda yana haska wa mutanen Facebook ko TikTok ba. Tafsirin azumi, maulidi, saukar karatu, ƙwallon unguwa, gangamin siyasa, har ɗaurin aure. A Furfuri ma haka ne, don ’yan gari da neman abinci ya kai Kano ko Abuja ko Legas suna son ganin abin da ake ciki a gida. Sai dai ana tsaka da kallo hoto kan daskare, fuskar malam ta farfashe, wurin sharhi ya cika da “ba ma ji” da “a gyara netwok”. Daga nan kowa sai ya kawo nasa dalili. Ga waɗanda aka fi yaɗawa, da abin da ke cikinsu.

“Sabis ɗina a cike yake, ina kallon fim ba ya tsayawa, don haka kai-tsaye zai tafi.”

Jita-jita ce, kuma ita ta fi kowace kayar da mutane. Kallon fim saukewa ne, watsa taro kuwa turawa ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ƙarfen sabis yana aiko da saƙo da ƙarfin wat da yawa daga can sama, ita kuwa wayar hannu iyakarta kusan kashi ɗaya cikin biyar na wat guda. Wanda ke bakin kasuwa yana jin liman tar ta lasifika, amma liman ba ya jin amin ɗinsa. Sandunan da ke saman fuskar waya suna nuna yadda wayar ke jin ƙarfen ne kawai. Ba sa faɗin ko ƙarfen yana jin ta, ba sa kuma faɗin mutum nawa ke rabon ƙarfen da kai a wannan lokaci. Ban da haka, mai kallon fim yana da ajiya: manhajar kan sauke wani yanki ta adana tun kafin ka kai wurin, shi ya sa ƙaramar tangarɗa ba ta bayyana. Mai watsawa kai-tsaye ba shi da wannan gata, domin abin da zai tura bai ma faru ba tukuna.

Maganin shi ne awo. Manhajar Speedtest tana ba da lamba biyu, ta saukewa da ta turawa, kuma ta biyun ce taka. Shafin Fast.com ta saukewa yake fara nunawa, sai ka taɓa wurin ƙarin bayani kafin ta turawa ta fito. A yi awon a inda za a kafa wayar, a irin lokacin da za a yi taron. Awon da aka yi da hantsi a ƙofar gida ba ya wakiltar cikin masallaci mai rufin kwano bayan sallar isha, sa’ad da gari duka ya hau intanet. A sake awon sau da dama, a riƙe lamba mafi ƙanƙanta, sannan a tura abin da bai wuce rabinta ba. Idan mafi munin awonka megabit 4 ne a sakan, tsaya a 2. Wasu kan ce kashi biyu cikin uku ma ya yi, amma wannan shawarar masu intanet na kebul ce, ba ta mai layin waya ba. Kuma layin da ya fi a Tudun Wadan Gusau ba lallai ya fi a Furfuri ba. A gefen dutsen Kwatarkwashi kuwa, matsawa kaɗan kan canza sakamako. A gwada MTN, a gwada Airtel, a gwada Glo, a bar awo ya yanke hukunci.

“Idan ba 1080p ba ne, ai ba aiki ba ne.”

Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai rabi ba. Hoto ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksil. A 720p akwai fiksil 921,600 a kowane hoto, a 1080p akwai 2,073,600, wato ninki biyu da kwata. A 4K sun haura miliyan 8. Kowane ɗigo sai an biya masa kuɗin mota, kuma wannan kuɗi shi ne bitiret, wato yawan bayanan da ake turawa a sakan guda. Facebook ya shawarci mai 720p ya tura tsakanin megabit 1.5 zuwa 4, mai 1080p kuma tsakanin 3 zuwa 6. To idan layinka megabit 2 yake iya ɗauka ka zaɓi 1080p, ka raba ɗan abin da kake da shi ga ɗigo fiye da miliyan 2. Sakamakon shi ne hoto mai dishi-dishi, da zarar an motsa sai ya rikiɗe ya koma ’yan murabba’ai. Wannan megabit 2 ɗin da a 720p aka zuba shi, da an ga fuska fes.

Abin da ake haskawa ma yana da nasa hukunci. Manhaja ba ta tura kowane hoto cikakke. Takan tura guda cikakke, galibi duk bayan sakan 2, a tsakani kuma sai ta tura abin da ya canza kaɗai. Malamin da ke zaune gaban bango, bakinsa da hannunsa ne ke motsi, saboda haka ko 480p da megabit ɗaya zai fito da kyau. Hawan Sallah daban ne: dawakai na sukuwa, ƙura ta tashi, mai ɗauka yana bin su da waya, komai na cikin hoton yana sauyawa a lokaci guda. Haka dambe, haka ƙwallo. A irin wannan ne ake buƙatar ƙarin bitiret, in kuma babu, gara a rage girman hoton. Hoto 60 a sakan ma na masu ƙwallo ne. Mai wa’azi 30 sun ishe shi, har da saura.

A ganina ma ana manta su wa ke kallo. Mafi yawansu da ƙaramar waya suke kallo, da datar da suke lallaɓawa, kuma da yawa sukan rage ingancin da hannunsu zuwa 360p don kada ta ƙare.

“Masu kallo ne suka yi yawa, shi ya sa ya tsinke.”

Wannan maganar daɗin baki ce, amma jita-jita ce. Wayarka kwafi ɗaya tak take turawa zuwa na’urorin Facebook ko YouTube, su ne ke raba wa jama’a. Mutum goma ke kallo ko dubu goma, nauyin da ke kan layinka bai canza ba. Taron da ke cutar da kai shi ne wanda ke tare da kai a fili. A filin idi ko wurin maulidi dubban wayoyi kan rataya a ƙarfe ɗaya, kowa na tura hoto a WhatsApp. Har abokinka da ka buɗe wa wayifai daga wayar da kake watsawa da ita, yana cin rabonka.

“A sayo waya mai megafiksil 108, an gama.”

Jita-jita. Bidiyon 1080p megafiksil 2 ne da ’yan kai, sauran na hoton tsaye ne. Haske ya fi kyamara tasiri. A cikin duhu kyamara kan cika hoton da ’yan ƙwayoyi masu rawa, manhaja kuma ta ɗauke su a matsayin motsi, ta ɓata bitiret a kansu. Ƙwan sola ɗaya da aka saita gaban mai magana, ba bayansa ba, zai yi abin da sabuwar waya ba za ta yi ba. Sai kuma zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke haura digiri 40, wayar da ke ɗauka, tana turawa, tana kuma caji a rana, za ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace, hoto ya fara tsalle, a ɗora wa netwok laifi. A cire mata riga, a sa ta a inuwa.

“Kai-tsaye na shan data kamar ruwa.”

Gaskiya ce, kuma lissafinta a fili yake. Saurin layi da megabit ake auna shi, data kuma da megabait ake sayar da ita, bait ɗaya kuwa bit 8 ne. Megabit ɗaya a sakan yana cin megabait 450 a awa. Mai tura 2.5 zai ƙone gigabait ɗaya da ɗan ɗori a awa, mai tura 6 kuma gigabait 2.7. Ɗauki tafsirin awa biyu kullum har kwana 30: na farko zai ci kusan gigabait 68, na biyu 162. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan tazara ba abin wasa ba ce ga kwamitin masallacin da ke tara kuɗi da karo-karo. Manhajar Facebook ta waya ita ke zaɓar wa mutum bitiret. Mai son riƙe linzami sai ya koma irin su Larix Broadcaster ko Prism Live Studio, ko OBS Studio a kwamfuta, wadda kyauta ce. OBS tana nuna adadin hotunan da suka zube a hanya. In lambar na hawa, rage bitiret, kada ka tsaya zagin kamfani.

“Da 5G ko Starlink sun zo, magana ta ƙare.”

Da sauran magana. MTN ya fara 5G a 2022 a birane bakwai, daga Arewa akwai Abuja, Kano da Maiduguri. Wayar 5G a inda babu ƙarfen 5G wayar 4G ce mai tsada. Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma yana aiki a inda babu ƙarfen sabis sam. Amma shi ma saukewarsa ta ninka turawarsa, yana son sararin sama ba bishiya ba gini, ruwan sama mai ƙarfi na raunana shi, kuma in wuta ta ɗauke shi ma ya ɗauke.

Mutanen Zamfara sun san akwai ranar da ba saitin da zai yi amfani. A farkon Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da ’yan bindiga, ba a maido wa Gusau ba sai farkon Oktoba, sauran yankuna kuma suka ƙara jira. Saboda haka duk mai watsawa ya riƙa adana kwafi a waya ko kwamfuta yayin da yake turawa. Kada kuma ya dogara da shafinsa a matsayin rumbu, domin daga Fabrairun 2025 Facebook yana goge bidiyon kai-tsaye bayan kwana 30.

Abin da ba a cika faɗa ba, alhali shi ne gaskiya tsantsa, shi ne batun murya. Sauti mai kyau kilobit 128 kawai yake ci, bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da hoton 720p ke ci ba. Mutum zai haƙura da hoto mai hazo ya saurari karatu har ƙarshe, amma ba zai zauna minti biyu yana jin amsa-kuwwa da kukan janareto ba. Don haka ɗan’uwa mai haska taro, kafin ka ci bashin sabuwar waya, sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, ko ka jawo sauti kai-tsaye daga na’urar lasifika. Ka sa 720p, hoto 30 a sakan, megabit 2 zuwa 2.5, in awon turawarka ya kai 4 zuwa 5. In bai kai ba, sauka zuwa 480p ba tare da jin kunya ba.