Jinya a Lokacin Annoba: Nazari Kan Littafin The Great Believers

Labarin soyayya kamar yadda aka saba rubuta shi, ko a Kano ko a Landan, hanyarsa sananniya ce: a haɗu, a gamu da cikas daga iyaye ko abokin takara, a ƙare da ɗaurin aure. Marubuci yakan ajiye alƙalami tun kafin ciwo ya shigo gidan. Amma akwai littattafan da annoba ta hana su bin wannan hanya, kuma daga cikinsu akwai The Great Believers na marubuciyar Amurka Rebecca Makkai, wanda ya fito a 2018 ya kuma kai zagayen ƙarshe na kyautar Pulitzer a 2019. Labari ne na wasu samari masu neman jinsinsu a birnin Shikago, a shekarun da ƙanjamau yake kashe su ɗaya bayan ɗaya. A ganina darajar littafin tana wuri guda: ya ɗauke ma'aunin so daga kalamai da alkawari, ya ɗora shi kan jinya, wato wa ya zauna a bakin gado, wa ya gudu, wa aka hana shi zama.

Labarin ya buɗe a 1985 da mutuwar wani saurayi, Nico. Iyayensa sun kore shi daga gida tun yana yaro, amma da ciwo ya ci ƙarfinsa su doka ta ba ikon yanke shawara a kansa, su ne kuma suka nuna wa abokin zamansa Terrence cewa ba a bukatarsa a wajen jana'iza. Ƙanwar mamacin, Fiona, ita ce ta ga wannan da idonta, daga nan ta zama mai jinyar abokan yayanta, har wasunsu suka sa hannu a takardar da ta ba ta ikon magana da likita a madadinsu. Jigon labarin, Yale Tishman, ma'aikacin gidan adana zane-zane ne. Abokin zamansa Charlie, mai yawan kishi da zargi, shi ne ya fara cin amana ya kuma kamu da cutar. Makkai ba ta mayar da kowa waliyyi ba, kuma hakan ne ya sa ake yarda da ita. Soyayyar Yale da Charlie ta rushe. Abin da ya ɗore har kwanakin Yale na ƙarshe shi ne zaman Fiona kusa da shi, zaman da babu aure a cikinsa, babu sha'awa, babu dangantakar jini.

Sai an san tarihin cutar ake gane nauyin shekarun da marubuciyar ta zaɓa. A watan Yunin 1981 aka fara bayar da rahoton wata baƙuwar cuta a jikin samari biyar a Los Angeles. Gwajin jini ya samu a 1985, a lokacin da sanin sakamako ba ya zuwa da magani, sai dai fargabar rasa aiki da inshorar lafiya. Maganin AZT ya zo a 1987, mai tsada, mai wahalar da jiki, amfaninsa kuma ba ya daɗewa idan shi kaɗai ake sha. Sai a 1996 haɗin magunguna uku ya mayar da cutar ciwon da ake lallaɓawa a rayu da shi. Yale ya mutu a 1992, shekara huɗu kacal kafin wannan sauyi. Littafin ya kai mai karatu ɗakin masu ƙanjamau na asibitin Illinois Masonic da zanga-zangar da aka yi a Shikago a 1990 kan kamfanonin inshora, duk kuwa abubuwa ne da suka faru a zahiri. Batun wa zai shiga wajen mara lafiya ma bai samu gyara daga gwamnatin tarayyar Amurka ba sai a 2010, da Shugaba Obama ya ba da umarnin a bar mara lafiya ya zaɓi masu zuwa duba shi.

Ana iya cewa wannan duk cinikin hawaye ne, marubuci ya ɗauko kyakkyawan saurayi ya kashe shi don a tausaya. Zargin yana da tushe a littattafai da yawa, amma rabin wannan littafi amsa ce gare shi. Makkai ta raba labarin gida biyu, ɗayan a Faris a 2015, inda Fiona, yanzu dattijuwa, take neman 'yarta Claire da ta yanke zumunci da ita. A nan ake ganin kuɗin da mai jinya take biya: matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a asibiti ta kasa ba 'yar cikinta cikakkiyar zuciya. A nan kuma Julian, wanda kowa ya ɗauka ya daɗe a kabari, ya bayyana da ransa, yana tafe da cutar shekara talatin. Wannan ɓangaren ne ya fi dacewa da zamanin bayan korona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona a watan Mayun 2023, masu lafiya suka koma kasuwa, amma masu raunin garkuwar jiki da waɗanda cutar ta bar wa gajiya da sarƙewar numfashi ba su ga ƙarshenta ba. Ƙanjamau kansa, da ake magana a kai kamar tarihi, ya kashe mutum kusan 630,000 a 2023.

Ƙorafi mafi nauyi a wajen mai karatu Bahaushe shi ne na addini. Musulunci ya haramta neman jinsi, malaman coci a ƙasashenmu ma haka suke koyarwa, dokar Najeriya ta 2014 kuma ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Ba wanda ya ce littafin labari zai sauya wa mutum aƙida, kuma duk mai ganin bai dace ya buɗe shi ba yana da hujjarsa. Amma tambayar da littafin ya ɗora a gabanmu ba ta fatawa ba ce. Tambaya ce kan abin da ake yi da ɗan Adam idan ya kwanta ciwo, kuma ba a taɓa koya mana cewa sai an binciki tarihin mara lafiya kafin a ba shi ruwa ba. Iyayen Nico sun ɗauka suna kare mutuncin gida ne, abin da suka samu shi ne ɗa a kabari da 'ya da ta juya musu baya.

Lamarin ma ya wuce tausayi, ya shafi lafiyar jama'a. Wani bincike da aka gudanar a Abuja, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya gano cewa bayan dokar 2014 tsoron zuwa asibiti ya ƙaru tsakanin maza masu neman maza. Wanda ya ji tsoron gwaji ba ya shan magani, wanda ba ya shan magani shi ke yaɗa cutar, wani lokaci ga matar aure da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Wanda kuwa yake shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jininsa, ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da cutar a Najeriya kusan miliyan 1.9, akasarinsu ba ta hanyar da littafin ya ba da labari suka kamu ba, amma tsangwamar iri ɗaya ce take rufe musu baki. Don haka ina kira ga marubutanmu na soyayya su ƙara tafiya gaba da ranar biki, su rubuta mai sikila da mai ciwon suga da mai ƙanjamau a matsayin masoya, tare da waɗanda suke kwana a zaune saboda su.