Ma'anar Sunayen da Ke Fitowa a Sashen Sadarwa na Manhajar Fayiloli

Kowace kwamfuta, ta tebur ce ko ta cinya, tana da manhajar da ake buɗewa domin ganin fayiloli da foldodin da ke cikinta, wadda a tsarin Windows ake kira File Explorer, a kwamfutocin Apple ake kira Finder, a tsarin Linux kuma akan tarar da Nautilus ko Dolphin. A gefen hagu na wannan manhaja akwai jerin wurare kamar takardu da hotuna da filashin da aka soka, sannan daga ƙasa akwai sashe mai suna Network, wanda a zamanin Windows 95 ake ce wa Network Neighborhood. Idan aka buɗe shi, wani lokaci akan ga sunayen kwamfutocin da mai na'urar bai sani ba, ko firinta, ko talabijin, wani lokaci kuma ba a ganin komai. Sunan da ya fito a wannan wuri sanarwa ce kawai da wata na'ura ta yi cewa tana nan, kuma rashin gane hakan shi ke sa wasu su ɗauka an yi musu kutse, wasu kuma su ɗauka kwamfutarsu ta lalace.

Batun ya shafi mutanen Yako da kewayenta, a ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, domin aikin kwamfuta ya shiga harkokin yau da kullum ta shagunan buga takardu da cike fom, da ɗakunan kwamfuta na makarantu, da ofisoshin sakatariya. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a shekarar 2015, ɗaliban wannan yanki suke zama a ɗakunan da aka haɗa kwamfutoci masu yawa da waya zuwa ga babbar kwamfuta guda, ko da yake kaɗan ne suka san abin da wayoyin ke yi. A shaguna kuwa, abin da aka saba shi ne a kwafi aiki a filashi a kai wa kwamfutar da ke haɗe da firinta, kuma ta wannan yawo ne ƙwayoyin cutar kwamfuta, musamman wadda ke ɓoye foldodi ta bar hotunansu na bogi, suke bin na'urori ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ake nufi da sadarwar cikin gida shi ne haɗa na'urori biyu ko fiye a wuri ɗaya, da waya ko da Wi-Fi, ta hannun ƙaramar na'urar da ake kira rauta, wadda ke ba kowacce adireshi na lambobi, galibi mai farawa da 192.168. Wannan haɗi ba ya buƙatar intanet, domin bayanan ba sa fita daga ginin, don haka ba sa cin data, kuma ƙarfin sabis na kamfanin waya ko rauninsa bai shafe su ba. A wuraren da sabis ke ɗaukewa, kuma kuɗin data ke da nauyi, wannan babbar riba ce, tunda fayil mai girman gigabait ɗaya zai iya tsallakawa tsakanin kwamfutoci biyu a ƙasa da minti guda idan wayar da na'urorin masu saurin gigabit ne.

Kafin kwamfutoci su yi musayar fayiloli sai sun yarda da ƙa'ida guda, wato tsarin da ke fayyace yadda ɗaya za ta nema da yadda ɗayar za ta amsa. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce SMB, da Barry Feigenbaum ya ƙirƙiro a kamfanin IBM a 1983, daga baya Microsoft ya ɗauke ta ya mai da ita ginshiƙin raba fayiloli da firinta a Windows. An sabunta ta zuwa SMB2 a 2006 tare da Windows Vista, sannan SMB3 a 2012, wadda ta zo da damar lulluɓe bayanai yadda wanda ya tare su a hanya ba zai iya karantawa ba. Andrew Tridgell na ƙasar Ostareliya ya fitar da manhajar Samba a 1992, wadda ta ba kwamfutocin Linux damar magana da wannan ƙa'ida, shi ya sa ake ganin mashiga mai suna Windows Network a wasu manhajojin Linux ko da babu Windows a ɗakin. Akwai kuma NFS ta kamfanin Sun Microsystems tun 1984, da SFTP da WebDAV waɗanda aka fi amfani da su wajen isa ga kwamfutar da ke nesa. A kowace ƙa'ida, na'urar da ke ajiye da fayil ita ce uwar garke, mai nema kuma ita ce baƙuwa, kuma kwamfuta ɗaya tana iya zama duka biyun a lokaci guda.

Jerin sunayen da ake gani a sashen sadarwa ba ƙa'idar musayar ce ke samar da shi ba, aikin wani tsari ne daban na gano maƙwabta, kuma a nan ne yawancin ruɗani yake. A tsohon tsarin NetBIOS, kwamfutocin da ke rukuni ɗaya, wanda galibi sunansa WORKGROUP, sukan zaɓi ɗaya daga cikinsu ta riƙe jerin, saboda haka idan aka kashe ta sai jerin ya rikice har a sake zaɓe. Daga shekarar 2017 Microsoft ya daina saka SMB1 kai tsaye a sababbin Windows 10, kuma tsohon tsarin jerin ya dogara da ita, don haka Windows ya koma ga wata hanya mai suna WS-Discovery, alhali Apple na amfani da Bonjour, Linux kuma da Avahi. Sakamakon haka shi ne kwamfutoci uku a kan tebur ɗaya suna iya kasa ganin juna a jerin, duk da cewa kowacce tana iya buɗe foldar ɗaya idan aka rubuta adireshinta da hannu. A Windows ana rubuta karkatattun layuka biyu, sai sunan kwamfutar ko lambobinta, kamar \\192.168.1.10, a Linux da Apple kuma ana farawa da smb://. Akasin haka ma yana faruwa, inda suna ke ci gaba da bayyana na ɗan lokaci bayan an kashe na'urar, domin jerin bai sabunta ba.

Ya kamata a rarrabe matakai uku: ganin suna, da isa ga na'urar, da samun izinin taɓa abin da ke ciki. Allon da aka kafa a ƙofar shago a kasuwar Kwanar Dangora yana nuna akwai shago, amma bai nuna a buɗe yake ba, balle ya ba mai wucewa ikon ɗaukar kaya. Haka sunan da ya fito kamar DESKTOP da wasu haruffa bakwai a bayansa, wanda Windows ke laƙaba wa sabuwar kwamfuta, yana nufin wani ya hau Wi-Fi ɗaya da mai kallo ne kurum. Idan aka danna shi, za a ga foldodin da mai shi ya raba da gangan kaɗai, kuma galibi sai an ba da sunan mai amfani da kalmar sirri na waccan kwamfutar. Izinin ma hawa biyu ne, na karantawa kawai da na canzawa da gogewa. Akwai kuma rabon da ba ya fitowa a jerin ko kaɗan, domin duk sunan da ya ƙare da alamar dala, kamar C$ da ADMIN$, Windows na ɓoye shi don amfanin masu kula da na'ura, kuma ɓoyewar ba kulle ba ce, kalmar sirri ce ke tsare shi.

Fayil ɗin da aka buɗe ta wannan sashe yana zaune ne a waccan kwamfutar, ko da an ba foldar harafi irin Z har ta yi kama da faifan cikin gida. Wannan yana da sakamako uku da ya dace a sani. Idan wuta ta ɗauke ko janareta ya tsaya a inda uwar garke take, aikin da ba a adana ba yana iya salwanta, shi ya sa ita da rauta suka fi cancantar a ɗora su a kan batir ko sola. Idan aka goge fayil ta hanyar sadarwa a Windows, ba ya shiga kwandon shara, yana tafiya ne kai tsaye. Sannan Windows na talakawan kwamfutoci yana karɓar baƙi 20 ne kawai a lokaci guda, saboda haka ɗakin makaranta mai kwamfutoci fiye da haka yana buƙatar uwar garke ta musamman ko Samba.

Ta fuskar tsaro, duniya ta ga illar sakaci a ranar 12 ga Mayu 2017, lokacin da cutar WannaCry, mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ta bi wata ɓaraka a SMB1 ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin gwamnati a Ingila, alhali Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris. Darasin ya shafi kasuwar da tsofaffin kwamfutoci 'yan kwatano suka cika, domin da yawansu suna ɗauke da Windows 7, wanda aka daina tallafa wa a Janairun 2020, kuma shawarar da wasu masu gyara ke bayarwa ta a kunna SMB1 don sunaye su dawo cikin jerin tana buɗe wannan ƙofa ne. Haka nan, lokacin da Windows ya tambayi ko haɗin na gida ne ko na jama'a, zaɓen na jama'a yana hana kwamfutar sanar da kanta, kuma shi ya dace da duk Wi-Fi na shago ko otal ko wayar wani.

Ga shago ko makaranta ko ofis, tsarin da ya wadatar ba shi da tsada. A ba kowace kwamfuta suna mai ma'ana, a tsayar wa uwar garke adireshin da ba ya canzawa, a raba folda ɗaya ko biyu maimakon faifai gaba ɗaya, a bar yawancin ma'aikata a kan izinin karantawa, a ware Wi-Fi na kwastomomi daga na aiki, sannan a riƙa kwafe muhimman takardu a wani faifai da ake cirewa a ajiye, domin foldar da kowa ke iya rubutu a cikinta kowa yana iya ɓata ta. Wanda ya san cewa jerin sunaye sanarwa ce zai nemi na'ura da adireshinta idan sunanta ya ɓace, idan kuma baƙon suna ya bayyana zai fara duba wa ke da kalmar sirrin rauta da kuma waɗanne foldodi ya raba.