Tsofaffin Kuɗin Da Ke Cikin Adudun Kaka

Hirarmu ta yau a kan tsofaffin kuɗi ce, irin waɗanda a kan tarar a ƙasan adudu ko cikin kumbo, ɗaure a bakin tsumma, bayan tsohuwa ta kwanta dama. Wata takan ba yara su yi wasa da su, wata ta kai wa maƙeri ya narke ya yi mata zobe, wata kuwa ta sayar wa mai yawon sayen tsofaffin ƙarafa a kan kuɗin cefanen yini guda. To, 'yar'uwa, tsaya tukuna. Akwai mutane a duniya waɗanda ba su da wani abin sha'awa sai tara irin waɗannan kuɗi, suna jera su bisa shekara, suna saye suna musaya. Kada rashin sani ya sa ki zama kazar da ta kwana a kan dami.

Yadda kuɗin nan suka shigo ɗakunanmu

Kakannin kakanninmu da wuri su ke ciniki, wanda a ke kawowa tun daga tsibiran tekun Indiya. Wuri 20,000 shi ne keso guda, kaya ne na ƙato. Sa'ad da Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya zo Kano cikin 1851, ya tarar ana canja liyari guda na azurfa a kan wuri 2,500.

Turawa suka ci Kano cikin 1903. Cikin 1907 suka fito da kwabo mai huji da anini, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Anini goma ke kwabo, kwabo goma sha biyu ke sule, sule ashirin ke fam. Cikin 1913 aka kawo taro da sisi da sule da dala na azurfa, da kan Sarkin Ingila a gaba, sule da dala kuma da hoton itacen kwakwa a baya. Lokacin kuwa jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, kuɗi suka riƙa gangarowa ƙauyuka. Mata suka sami nasu rabo ta kaɗi da ƙuli da man gyaɗa. Ba banki, sai asusu da tukunya a bizne, shi ya sa har yau mai haƙar tushen gini ya kan ci karo da su.

Cikin 1959 Babban Bankin Nijeriya ya buga kuɗinmu na kanmu: auduga a kan taro, koko a kan sisi, ganyen kwakwa a kan sule, gyaɗa a kan dala. Ran 1 ga Janairu, 1973, Naira da kwabo suka karɓi gari, sule ya koma kwabo goma, aka kuma sa dalar gyaɗa a kan kwabo 25.

Abin da ke sa su tsada

Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi tsada. Abu uku masu saye ke dubawa: ƙarfen da aka yi shi da shi, yawan waɗanda suka saura a duniya, da kuma lafiyar jikinsa.

Dubi liyari, wanda iyayenmu Fulani ke jerawa a wuya ko a kitso. Yana da hoton wata mace mai jiki, Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya, a baya kuma gaggafa mai kai biyu. Ko wanne kika ɗauka 1780 za ki gani a jikinsa. Kada wannan ya ruɗe ki. Shekarar da ta rasu ke nan, amma sabo da 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka ba su yarda da wani kuɗi kamarsa ba, sai aka yi ta buga shi da wannan shekara a Biyana da Landan da Rum da Bombai, miliyoyi a kan miliyoyi. Darajarsa ta azurfar da ke jikinsa ce. Nauyinsa wajen giram 28 ne, kashi biyar cikin shida kuwa azurfa ce. Da wannan lissafi za ki yi ciniki.

Haka kuma sule da dala. Waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau. Cikin 1920 azurfa ta yi tsada, aka koma buga su da wani ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Sabo da haka sule biyu masu hoto iri ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya kuɗi. Ki duba shekara tun kafin ki buɗe baki.

Akwai kuma waɗanda labarinsu ya fi kuɗinsu. Aninin farko na 1907 da sanholo aka yi shi, ba nauyi kamar ganye, yana cikin kuɗin sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure wa gumi da damina ba, cikin 1908 aka sake masa ƙarfe, don haka mai tsabta a cikinsu abin nema ne. Sai kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya ajiye sarauta cikin Disamba na wannan shekara domin matar da ya ke son aure. A Ingila ba a kai ga kashe kuɗi mai hotonsa ba, amma a nan an kashe kwabo da ɗari da anini masu sunansa. Sai dai an buga su da yawan gaske, ba za su gina miki gida ba. Abin nuna wa jikoki ne.

In kin sami madubin ƙara girma, ki nemi wasu 'yan ƙananan baƙaƙe a jikin kuɗin. H da KN alamun maƙeru biyu ne na birnin Bamingam, wanda ba shi da alama kuwa na maƙerar Sarki ne a Landan. Masu tarawa suna lura da su ƙwarai, domin wata shekara wata maƙera kaɗan ta buga.

In kina son ganin iyakar abin da ƙaranci ke yi, ga misali. Cikin 1933 Amurka ta buga kuɗin zinariya na dala 20 har 445,500, sa'an nan gwamnati ta hana fitar da su, aka narke kusan duka. Guda ɗaya tak doka ta yarda mutum ya mallaka. Cikin 2021 aka yi gwanjonsa a New York a kan dalar Amurka wajen miliyan 19.

Yadda a ke auna lafiyarsa

Kamar yadda ki ke bambanta sabon zane da wanda ya sha wanki, haka su ke bambanta kuɗi. Na ƙasa shi ne wanda hannu ya side, da ƙyar a ke karanta shekararsa. Na sama da shi rubutu ya fito, amma kan sarki ya lafe. Na gaba ana ganin gashin kai da duwatsun kambi. Na ƙoli shi ne wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, yana da ƙyallinsa na maƙera. A Amurka wani mutum, Sheldon, ya tsara wannan da lamba cikin 1949, daga 1 zuwa 70, har yanzu kuma da ita manyan kamfanonin tantancewa ke aiki.

Nan ne mu mata mu ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mun saba da goge kwano da toka da yashi da tsamiya har ya ɗauki ido. To, tsohon kuɗi ba kwano ba ne. Duhun nan da ya yi na shekaru shi masu saye ke so, wanda aka goge kuwa da kallo ɗaya su ke gane shi, su karya masa farashi. Haka wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don ratayawa: ya fita daga sahun na tarawa, sai kuɗin azurfarsa. Ki riƙe ko wanne ta gefe, ki naɗe shi dabam a farar takarda, ki rubuta shekararsa, ki ajiye inda ba laima.

Saye da sayarwa

In sha'awar tarawa ta kama ki, fara da na gida. Haɗa jerin 1959 guda shida, daga ɗari zuwa dala, sa'an nan na 1973. Tambayi gwaggo da inna, su ne rumbun abin. In kin shiga Kano, a kan sami masu tsofaffin kaya a Kasuwar Kurmi. A Abuja kuma Babban Banki yana da gidan tarihin kuɗi.

Jabu kuwa yana nan, musamman na liyari. Azurfa ba ta bin maganaɗisu. In kin ɗora ta a kan yatsa kin ƙwanƙwasa, amonta yana daɗewa, na dalma kuwa sai ya ce ɗif. Liyari na gaske yana da rubutu kewaye da gefensa. In da hali, a kai wa masu awon zinariya su ɗora a sikeli.

In sayarwa za ki yi, kada ki sallama wa mai tayi na farko, ki ji bakin mutum uku. Kada ki bari a kwashe duka a dunƙule a biya ki da nauyin ƙarfe. Ki yi hattara kuma da masu cewa wai akwai jar zaiba cikin tsohon kwabo ko tsohon dutsen guga, wai wani Bature zai saya da miliyoyi in kin ba da kuɗin gwaji. Babu wani abu wai shi jar zaiba, damfara ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abu na ƙarshe, shi ne kuma mafi nauyi. In kuɗin nan na mamaciya ne, to, gado ne, ko da sisi ɗaya ne. Ba na wadda ta riga buɗe adudu ba ne. A ƙirga su gaban shaidu, a san abin da su ke yi a kasuwa, malami ya raba yadda shari'a ta ce. In magada sun yarda, a bar ko da kwabo guda mai huji a gidan, domin yaran da ba su taɓa riƙe kuɗin ƙarfe ba su ga abin da kakarsu ta tara da mazari.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa albarka cikin abin da suka bar mana. Sai mako mai zuwa. Wassalam.