Yadda ake zaɓen farantin kare ƙasan mota a hanyoyin fadamar Rima

A ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo na gabashin jihar Sakkwato, kwalta ba ta kai wa ga yawancin gonakin da ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa.

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan kogin Rima a shekarar 1984, noman rani ya bunƙasa a yankin, abin da ya sa motocin akori-kura da sauran motocin shiga daji, irin su Hilux da Land Cruiser, ke keta rairayi da laka da kwazazzabai domin kwaso amfanin gona.

A irin waɗannan hanyoyi dai, ƙasan mota ne ke fara shan wuya.

Idan dutse ko kututture ya huda kwanon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, man zai tsiyaye cikin ɗan lokaci, kuma direban da ya ci gaba da tafiya zai iya kashe injin baki ɗaya.

Wannan ne ya sa ake ɗaura wani faranti mai ƙarfi a ƙasan mota, domin kare inji da giyabos da tankin mai.

Ƙarfe ko alminiyom?

Farantin baƙin ƙarfe shi ne ya fi jure duka, kuma idan ya lotse mai walda zai iya miƙe shi ko ya like shi. Galibi ana amfani da mai kaurin milimita 3 zuwa 4.

Sai dai yana da nauyi, kuma yana tsatsa, musamman ga motar da ke yawan shiga ruwa da damina, don haka yana buƙatar fenti a kai a kai.

Shi kuwa alminiyom, nauyinsa kusan kashi ɗaya ne cikin uku na ƙarfe mai girmansa, kuma ba ya irin wannan tsatsa. Amma bai kai ƙarfe tauri ba, saboda haka akan ƙara kaurinsa zuwa milimita 5 ko 6. Haka kuma ba kowane mai walda ne ke da na'urar like shi ba.

Akwai kuma na roba mai tauri, wanda ke sulɓewa a kan duwatsu, aka kuma fi sa wa ƙananan motocin daji masu kama da babur.

Abubuwan lura

Ingancin faranti bai tsaya ga kaurinsa ba. Wajibi ne a ɗaure shi a jikin shasin mota, ba a jikin inji ba, domin ƙarfin duka ya sauka a kan shasin.

Ya kamata kawunan notuna su nutse ciki, don kada duwatsu su cinye su, a kasa kwancewa daga bisani.

Ana kuma buƙatar kafar juye baƙin mai, da ramukan da ruwa da laka za su riƙa fita. Farantin da ya toshe iska kan ƙara wa inji zafi, a yankin da zafin bazara ke haura digiri 40.

Wani haɗarin kuma shi ne busasshiyar ciyawa da tattakar shinkafa, waɗanda kan maƙale kusa da salansa su tayar da gobara. Don haka sai an riƙa dubawa ana sharewa.

Kazalika farantin da ya yi ƙasa da yawa kan rage tazarar mota da ƙasa, ta yadda za ta riƙa kafewa a cikin rairayi.

Ga direban da ke nesa da manyan garejin birnin Sakkwato, farantin da bakaniken garinsu zai iya kwancewa ya gyara shi ne ya fi amfani.