WAYAR HANNU TA ZAMA SANKIRAN KOWA

A zamanin kakanninmu, in Sarki yana da magana da jama'a, sai ya aiki sankira ya zaga gari yana shela. Kowa ya san sankira, ya kuma san wanda ya aiko shi, in ya ƙara gishiri an san gidan da za a same shi. Da aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, mai ilmin boko guda ya kan zauna a ƙofar gida ya karanta wa mutum goma. Daga baya rediyo ta zo, har BBC ta buɗe sashen Hausa cikin 1957. A duk waɗannan akwai edita wanda ya ke auna magana kafin ta fita, gama shi za a tuhuma in ta zama ƙarya.

To, cikin 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai, intanet ya biyo bayanta, cikin 2016 kuwa Facebook ya sa Hausa cikin harsunan da ya ke aiki da su. Yau duk mai waya a aljihu ya zama sankira, ba kuwa Sarkin da ya aiko shi.

LABARI BABU EDITA

Amfanin wannan abu ba ya ɓoyuwa. In gada ta karye a ƙauye, kafin la'asar hotonta ya kai ga hukuma, talaka ya sami bakin magana. Amma illarsa ma mun gan ta da idonmu. Cikin watan Agusta na 1914 ba mai iya ruɗa ƙasa duka a dare guda, amma cikin Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bazu ta waya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Kafin gari ya waye dubban mutane sun yi haka, waɗansu aka kwantar da su asibiti, waɗansu ma suka rasu.

Wanda ya fi wannan muni ya auku a Jihar Filato cikin Yuni na 2018. Bayan kashe-kashen da aka yi a ƙasar Barkin Ladi, aka watsa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, aka ce na wurin ne. Samari suka tare hanya suka kashe matafiya waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Da ma'aikatan BBC suka bi diddigi, sai suka tarar ɗaya daga cikin hotunan nan an ɗauke shi ne a ƙasar Kwango tun 2012.

A MAJAMI'A

Cikin 1932 aka gama juya Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, masu bishara suka riƙa ɗaukarsa a ƙafa da keke daga gari zuwa gari. Yau yana cikin waya, mai bi ya kan karanta ko ya saurara yana gona. Paparoma Benedict na 16 da kansa ya soma aika saƙo ta Twitter cikin Disamba na 2012.

Babbar jarrabawa ta zo cikin 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe wuraren ibada. Ran 27 ga Maris Paparoma Francis ya tsaya yana addu'a cikin ruwan sama a dandalin Majami'ar Bitrus a Rum, filin nan fayau ba taro, duniya tana kallo ta talabijin da waya. A ƙasarmu ma Kirista da yawa a ɗaki suka yi sujadar Ista, fasto yana wa'azi a gaban kujeru, ana aika baiko ta banki. 'Yan'uwansu Musulmi kuma haka suka saurari tafsirin watan azumi na shekarar.

Tsoho da majiyyaci da wanda ke ƙetare sun amfana ƙwarai. Amma ba a yin baftisma ta waya, ba a kuma cin Jibin Ubangiji ta waya. Matan zumunta da su ke zuwa gaisuwar mutuwa da tukunyar abinci, hoto ba zai maye gurbinsu ba, gama zumunta a ƙafa ta ke. Akwai kuma wata matsala: da, kafin mutum ya hau bagadin wa'azi sai ya yi makaranta, dattawan ikilisiya sun yarda da shi. Yanzu kowane mai zaƙin baki yana iya tara mabiya dubbai, ya yi alkawarin warkarwa da arziki, ya sa lambar asusunsa a ƙasa. Masallaci ma bai tsira daga irin wannan ba.

AL'ADUN GARGAJIYA

Kasuwar faifan fim ta Kano ta durƙushe, masu shirya wasa suka koma YouTube, inda wasa kamar Izzar So ya sami masu kallo har ƙasashen waje tun 2020. Marubuta mata suna sakin labarinsu kashi-kashi a WhatsApp. Waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya Jos sun sami sabon rai a kunnen samari. Amma tatsuniyar dare ta yi ƙaranci, yaro yana zaune gaban kakarsa hankalinsa yana Amurka.

ABIN DA YA KAMATA

Jama'a, rufe ƙofa ba shi ne magani ba. Gwamnati ta hana Twitter daga Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, jita-jita kuwa ba ta mutu ba. Tun da ba edita tsakaninka da jama'a, kai ne editan. In saƙo ya zo maka, tambayi kanka: wa ya faɗa, a ina, yaushe? In ba ka sami amsa ba, ya tsaya a wurinka, musamman in yana zuga ka a kan maƙwabcinka. Fastoci da limamai kuma su koya wa mabiyansu wannan, gama magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.