Ɗabi'un Bai Ɗaya Ga Ƙirƙirarriyar Basira: Ina Aka Kwana?

A watan Nuwamban 2021, ƙasashe 193 na hukumar UNESCO suka amince da kundin ɗabi'un da ya kamata a gina ƙirƙirarriyar basira a kansu: kare mutuncin ɗan Adam, adalci, kiyaye sirrin jama'a, da barin hukuncin ƙarshe a hannun mutum. Malaman addini ma sun shigo ciki. Takardar da Fadar Vatican ta ƙaddamar kan wannan batu a Rum a 2020, malaman Musulunci da na Yahudawa sun sa mata hannu a 2023.

Abin da ya jawo wannan yunƙuri a bayyane yake. Kamfanoni ƙalilan, galibinsu a Amurka da Sin, su ke ƙera manhajar da ake amfani da ita daga Jakarta zuwa Alkahira. Wanda ba shi da hannu a ƙerawa, ba shi da mafita sai ya nemi a sa ƙa'idar da za ta hau kan kowa.

Sai dai kowa zai ce yana son adalci. A wurin aiki ne ake rabuwa. Binciken da masana na jami'ar MIT suka wallafa a 2018 ya tattara amsoshi kusan miliyan 40 kan tambaya mai wuya: idan mota mai tuƙa kanta ta rasa birki, wa za ta kauce wa? Kusan ko'ina an fifita ran mutum a kan na dabba. Amma da aka zo kan yaro da tsoho, mutanen ƙasashen gabashin Asiya ba su karkata ga ceton yaro kamar mutanen Yamma ba, kuma wanda ya tashi a inda ake girmama furfura ba zai yi mamakin haka ba. Injiniya kuwa dole ya zaɓi ɗaya, kuma zaɓinsa ne zai bi motar duk inda aka sayar da ita.

Kundin UNESCO ya amfanar, domin ya ba ƙananan ƙasashe abin kafa hujja, amma ba ya tilasta kowa. Tarayyar Turai ta mayar da nata ra'ayin doka a 2024, har da tara ga mai saɓawa. A taron ƙasashe kan ƙirƙirarriyar basira da aka yi a Paris a Fabrairun 2025 kuwa, Amurka da Birtaniya suka ƙi sa hannu a sanarwar ƙarshe, alhali Sin da Indiya sun sa.