Ko Kun Sani?

A Dandaji da ke yankin Illela, jihar Tawa, akwai tsohon masallacin laka da aka mayar ɗakin karatu. Da ya fara lalacewa, maimakon a rushe shi, sai Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai tsara gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran suka gyara shi, aka jera littattafai a inda ake sahu a da. Kusa da shi suka tsara sabon masallaci mai ɗaukar masallata kusan 1,000, da tubalin jan ƙasa da ake matsewa da inji ba tare da an gasa ba. Kaurin bangon ne ke tare zafin rana, ciki ya yi sanyi. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma.

Gwanintar gina da ƙasa ba baƙuwa ba ce a nan. Masallacin Juma'a na Yama, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, mai hasumiya huɗu kowacce da tata siffa, ya ci kyautar Aga Khan a 1986.